Sabis A Cike, Kira Ba Ya Shiga: Abin Da Masu Waya A Kebbi Ya Kamata Su Nema Daga Kamfanonin Sadarwa

Akwai wani abin haushi da kusan duk mai riƙe da waya a Birnin Kebbi ko Argungu ya taɓa cin karo da shi. Sandunan sabis a cike suke, saƙon WhatsApp yana tafiya, amma da an danna kira sai wayar ta yi shiru na ɗan lokaci, ta katse. A sake gwadawa, a ji an ce lambar ba ta samuwa, alhali mai lambar yana zaune a Badariya ko Gesse da wayarsa a hannu. Idan da rana ne, sai a yi tsaki a tura saƙon murya. Idan kuwa ƙarfe biyun dare ne, ana neman mai mota ya kai mai naƙuda asibiti, maganar ta wuce tsaki.

Dalilan wannan matsala suna da yawa: yankewar wayar fayiba a wurin aikin hanya, ƙarewar man janareta a turken sadarwa, satar batura, cunkoson masu kira. Amma akwai wani dalili da ba a cika maganarsa ba, domin ba a ganinsa da ido. Shi ne aikin sabunta manhajar cikin na'urorin da ke haɗa kira, wanda injiniyoyi ke yi da tsakar dare. Aikin dole ne, kuma kamfanin da ya daina yin sa ya jefa masu layinsa cikin haɗari. Sai dai yadda ake yin sa, da lokacin da ake zaɓa, da bayanin da ake yi wa jama'a kafin a fara, abubuwa ne da mai sayen kati yake da haƙƙin sa baki a cikinsu.

Ina kira yake bi?

Idan matashi a Argungu ya kira abokinsa a Birnin Kebbi, muryarsa ba ta tsallakawa kai tsaye daga waya zuwa waya. Tana fara zuwa turken sadarwa mafi kusa. Daga nan ta bi wayar fayiba ko eriyar da ke harba sigina daga turke zuwa turke, har ta isa cibiyar haɗa kira, wadda galibi tana wani babban birni nesa da masu maganar. A can ake tantance layin, a duba ko akwai kuɗi a ciki, a nemo turken da wanda ake kira yake ƙarƙashinsa, sannan a haɗa su. Duk wannan cikin 'yan daƙiƙoƙi.

A cikin wannan cibiya akwai na'urorin da aikinsu murya ce kawai. A tsarin da aka daɗe ana amfani da shi, alluna ne na lantarki da ake zurawa cikin akwatin ƙarfe, kamar yadda ake jera littattafai a kanta. Kowane allo yana ɗaukar kira masu yawa a lokaci guda. Shi ke juya murya daga tsarin da wayar wannan ke amfani da shi zuwa wanda wayar wancan ke ganewa, shi ke kashe amsa-kuwwar da kan sa mutum ya riƙa jin muryarsa tana dawo masa. A sababbin cibiyoyi manhaja ce a kan manyan kwamfutoci ke yin wannan aiki, amma nauyin da ke kanta ɗaya ne.

Hanyar data da hanyar murya sukan rabu a wannan mataki. Shi ya sa mai wayar da ke kan 4G zai lura, idan kira ya shigo, alamar ta sauka zuwa 3G ko 2G, sai an gama magana ta koma. Wayoyin da ke da tsarin VoLTE, kuma layinsu ya ba da dama, su ne ke yin kira ba tare da sun sauka daga 4G ba, amma su ma suna da nasu na'urorin murya a cibiya. Wannan rabuwa ce ke sa TikTok ya yi ta gudu alhali kira ya tsaya cik.

Kowane allo yana da manhajar da ke zaune a cikinsa, wadda ke gaya masa yadda zai yi aiki. Ita ake kira manhajar ciki, kuma ita ce ake sabuntawa.

Amfanin safaya

Tun da kira ba abin wasa ba ne, ba a dogara da allo ɗaya. Ana sa biyu: ɗaya yana aiki, ɗaya yana ko-ta-kwana, yana kwafar duk abin da na farkon ke yi. Da na farko ya samu matsala sai na biyun ya karɓa, sau da yawa ba tare da masu magana sun ji komai ba. A wani tsarin kuma, allo guda ne ke zaman jiran ɗaya daga cikin alluna da dama ya faɗi.

Direbobin da ke zirga-zirga tsakanin Birnin Kebbi da Argungu sun san wannan dabara, sunanta safaya. Sun kuma san safayar da ta yi wata shida a but ba a duba iskarta ba, ranar da aka buƙace ta za ta iya ba da kunya. Manomin shinkafar rani a fadamar Rima, mai injin ban-ruwa biyu, shi ma ba ya kwance su duka rana ɗaya ya kai wa makaniki. Yakan gyara ɗaya, ya tayar da shi ya ga ruwa na fita, sannan ya taɓa ɗayan.

Haka ƙa'idar sabunta manhajar allunan murya take. Ana fara adana kwafin saitin da ake da shi. Sai a tabbatar allon ko-ta-kwana lafiyarsa lau. Shi ake fara ɗora wa sabuwar manhaja, domin ba ya ɗauke da kiran kowa. Idan ya tashi daidai, sai a daina tura sababbin kira zuwa allon da ke aiki, a jira waɗanda ke kan layi su gama, a mayar da aiki kan wanda aka sabunta. Daga nan a zuba ido: kira na shiga? Murya na fita tas? Lambar gaggawa na tafiya? Idan an ga matsala sai a koma kan tsohon allon, wanda har yanzu tsohuwar manhajar na cikinsa. Sai komai ya natsu ake sabunta na biyun.

Masu wayar Android sun san irin wannan, ko da ba su lura ba. Tun daga Android 7.0 da ya fito a 2016, wayoyi da dama suna da ɗakuna biyu na babbar manhaja. Sabuwar tana sauka a ɗakin da ba a amfani da shi yayin da mutum ke ci gaba da latse-latsensa. Idan an sake kunna wayar sai ta tashi daga sabon ɗakin, in ya ƙi tashi ta koma tsohon.

Amma akwai wani ɗan lokaci mai haɗari a tsakiyar aikin. Yayin da ake sabunta allo ɗaya, ɗayan yana aiki shi kaɗai, ba mai tare masa. Kuma idan an gama duka biyun, manhaja iri ɗaya ce a cikinsu. In akwai kuskure a cikinta, abin da ya kayar da na farko shi zai kayar da na biyu.

Gemun maƙwabci

Wannan ya taɓa faruwa, kuma a ƙasashen da suka fi Najeriya kuɗi da kayan aiki.

Ranar 15 ga Janairun 1990, wata na'urar haɗa kira ta kamfanin AT&T a birnin New York ta samu 'yar matsala, ta sake tayar da kanta kamar yadda aka tsara mata. Da ta dawo ta fara aika saƙonni ga sauran, sai wani ƙaramin kuskure da ke cikin sabuwar manhajar da aka ɗora musu ya sa su ma suka fara faɗuwa suna tashi, kowace tana kayar da maƙwabciyarta. Na'urori 114 ne a tsarin, dukkansu da manhaja ɗaya. An yi kusan awa tara miliyoyin kira ba sa shiga a faɗin Amurka. Kayan ko-ta-kwana suna nan, amma ciwo ɗaya ne ya kama su duka.

Ranar 2 ga Yulin 2022, injiniyoyin kamfanin KDDI na Japan suna aikin gyara da tsakar dare, aka yi kuskuren saiti da ya tare hanyar kira na kimanin minti 15. Suka mayar da saitin yadda yake. Amma wayoyin da suka rasa hanya sai suka yi ca a lokaci guda suna neman a sake yi musu rajista, na'urorin murya suka cushe. Matsalar ta ɗauki sama da awa 61, ta shafi mutane fiye da miliyan 30, kamfanin ya biya masu layinsa diyyar yen 200 kowanne. Darasin a nan shi ne, komawa baya ma sai an gwada shi tun kafin ranar buƙata.

Na kusa-kusan nan shi ne na kamfanin Optus a Ostareliya, ranar 18 ga Satumban 2025. Ana sabunta wata na'urar tsaro, sai kiran lambar gaggawa ta 000 ya daina shiga a wasu jihohi na kusan awa 13, alhali kira na yau da kullum yana tafiya. Wasu masu layi sun kira kamfanin sun faɗa, ba a ɗauki maganar da muhimmanci ba. Daga baya aka danganta mutuwar wasu mutane da wannan katsewa.

Idan gemun ɗan'uwa ya kama da wuta, sai a shafa wa nasa ruwa. Kamfanonin da ke aiki a Kebbi suna amfani da na'urori irin waɗannan, daga masu ƙera kaya irin waɗannan, da ƙa'idoji irin waɗannan.

To me zai hana a bar su yadda suke?

Wasu za su ce abin da ke aiki a ƙyale shi. Maganar tana da daɗin ji, amma ba ta ɓullewa. Manhajar da aka daɗe ba a sabunta ba tana tara ɓaraka, kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A ƙarshen 2024 hukumomin Amurka suka tabbatar cewa wasu masu kutse da ake kira Salt Typhoon sun shiga cikin na'urorin manyan kamfanonin sadarwar ƙasar, sun kwashi bayanan kiran mutane. Cikin shawarwarin da aka ba kamfanonin har da gaggauta toshe ɓarakar manhaja. Bayan tsaro, masu ƙera na'ura sukan daina kula da tsohuwar manhaja bayan wasu shekaru, kuma sababbin wayoyi da sababbin tsare-tsare kamar VoLTE suna buƙatar cibiya ta iya magana da su.

Wasu kuma, musamman matasa, za su ce zamanin kira ya wuce, yanzu komai ta WhatsApp ne. Wannan magana ce ta wanda duk abokan hulɗarsa ke da babbar waya da data. Matashin da ke karatu a Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi ko Kwalejin Ilimi ta Adamu Augie da ke Argungu ya san idan zai gaida mahaifiyarsa a ƙauye, kira zai yi zuwa ƙaramar wayarta mai madannai. Dillalin shinkafa da direban da zai ɗauko buhuna daga gona da kira suke cin kasuwa. Masunci ma haka. Sannan lambobin banki masu farawa da tauraro su ƙare da alamar shinge, da saƙon lambar sirri da banki ke turowa, sukan bi ta ɓangaren cibiyar da ke kula da kira. Duk wanda ya sha wahalar ƙarancin takardun naira a farkon 2023 ya san darajar waɗannan lambobi.

Daren wa?

Kamfanonin sadarwa a duniya sun saba yin irin wannan aiki tsakanin tsakar dare da asuba, domin lokacin ne kira ya fi ƙaranci. A lissafi, hakan daidai ne. Amma yawan kira daban, nauyin kira daban. Kiran da ake yi ƙarfe uku na dare a ƙauyukan Augie ko Arewa, yawanci na rashin lafiya ne, ko gobara, ko ambaliya, ko matsalar tsaro. Wanda ya ga yadda ruwa ya shafe gonakin shinkafa a Kebbi a daminar 2020 ya san akwai dararen da waya ita ce kaɗai hanyar gaya wa na ƙasa cewa ruwa na tafe.

Haka kuma daren Arewa ba ɗaya yake ba a duk shekara. A watan azumi, musamman goman ƙarshe, gari ba ya barci: ana tahajjud, ana tashin juna sahur, teloli da 'yan kasuwa suna aiki har asuba. Lokacin bikin kamun kifi na Argungu, wanda aka fara tun 1934 kuma hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun duniya a 2016, garin kan cika da baƙi, kowa da waya, kowa yana neman ɗan'uwansa a bakin Matan Fada. Kamfanoni da dama a duniya suna da al'adar dakatar da duk wani sauyi a na'urorinsu lokacin manyan bukukuwa. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ya dace kalandar da injiniyoyi ke dubawa kafin su sa ranar aiki ta ƙunshi azumi, sallah, bikin Argungu da tsakiyar damina, ba bukukuwan ƙarshen shekara kaɗai ba.

Abin da doka ta riga ta ce

Wannan ba roƙon alfarma ba ne. A watan Janairun 2025 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta amince kamfanoni su ƙara kuɗin kira da data har kashi 50 cikin ɗari, tare da cewa dole ingancin sabis ya ƙaru. A watan Mayun shekarar kuma ta umarci kamfanonin su riƙa sanar da jama'a duk wata babbar katsewa, da dalilinta, da wuraren da ta shafa, da lokacin da ake sa ran gyarawa. Idan aikin da aka tsara ne, a sanar mako guda kafin ranar. Idan katsewar ta wuce awa 24, a biya masu layi diyya daidai gwargwado.

Umarni ne mai kyau, amma yana da giɓi. Daga cikin ma'aunan da ake kiran katsewa babba akwai ta shafi ƙananan hukumomi biyar ko fiye. Kebbi tana da ƙananan hukumomi 21, wasunsu masu faɗi ƙwarai. Matsalar da ta tsaya a Argungu da Augie kaɗai tana iya wucewa ba a ji labarinta ba. Sannan sanarwar da aka wallafa da Turanci a shafin X ba ta isa ga wanda ya fi buƙatarta.

Abin da ya kamata a nema a fili yake. A turo gajeren saƙo da Hausa zuwa layukan yankin da aikin zai shafa, a faɗi rana da awa. Kamfanin da ke iya turo tallar waƙar kira sau uku a yini ba zai ce wannan ya fi ƙarfinsa ba. A yi aikin yanki-yanki, kada a ɗora sabuwar manhaja a ko'ina dare ɗaya. A gwada allon ko-ta-kwana lokaci-lokaci, ba sai ranar sabuntawa ba. Bayan kowane sauyi, a gwada kiran 112 daga yankin da abin ya shafa. Idan an samu matsala, a fito a faɗi dalilinta cikin harshen da mutane ke ji.

Kamfanoni za su iya cewa bayyana lokacin aiki zai ba ɓarayi da masu kutse haske. Ba wanda ya nemi sunan na'ura ko wurin da take. Cewa kira zai iya tangarɗa daga ƙarfe ɗaya zuwa uku na daren Laraba bai tona asirin komai ba. Za su kuma iya cewa yawancin katsewar sabis a Najeriya daga yanke fayiba da matsalar wuta take, kuma gaskiya ne. Shi ya sa ma gwamnatin tarayya ta ayyana kayan sadarwa cikin muhimman kadarorin ƙasa a 2024. Amma mai tonon hanya da ɓarawon batir ba sa faɗin ranar zuwansu. Aikin sabunta manhaja kuwa kamfani ne da kansa ke sa masa rana, don haka a nan ne ba shi da uzuri.

Safayar mai waya

Kafin kamfanoni su gyara nasu, mai waya yana da abin yi. Yawancin wayoyin da ke hannun matasa, Tecno ne ko Infinix ko Samsung, suna ɗaukar layi biyu. Ya kamata layukan su zama na kamfanoni daban-daban, kuma na biyun a riƙa sa masa ɗan kati ana kira da shi, kada ya zama safayar da ba iska. Sai dai a sani cewa kamfanoni sukan yi tarayya a turke ɗaya, kuma a 2025 MTN da Airtel sun ƙulla yarjejeniyar raba wasu kayan aikinsu a Najeriya. Layi biyu zai taimaka idan matsalar a cibiyar kamfani ɗaya take, amma idan turken unguwa ne ya mutu, duka biyun na iya ɗaukewa. Gidan da ke da mai tsohon ciki ko maras lafiya, gara ya san ƙofar mai mota mafi kusa, ba lambarsa kawai ba.

Idan kira ya ƙi shiga, a rubuta rana da awa da unguwa, a ɗauki hoton fuskar wayar. A kira kamfanin ta 300, a karɓi lambar ƙorafi. In ba a ga gyara ba, a kira NCC ta 622, kyauta ne, a ba su wannan lambar. Ƙorafin da ke da lokaci da wuri shi injiniya ke iya bi ya gano ko ya yi daidai da daren da aka taɓa wata na'ura. Zagi a Facebook ba ya shiga rajistar kowa. Idan matasa hamsin daga Argungu suka kai ƙorafi iri ɗaya a kan dare ɗaya, kamfani da hukuma ba su da yadda za su ce ba su sani ba, kuma ranar da za a sake taɓa allunan murya, za a tuna cewa akwai masu lura a Kebbi.